Izinin da Na Aika a Karɓo Mini

Shekarun baya da nisa, cikin farin nan da ya ƙarar da shanun arewa ya koro mutanen ƙauye zuwa bakin Damagaram, ina saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, siriri, ga dogon wuya, ga ɗaukar kai malami. Wasu cikin masu bibiyata a nan sun sha tambayata yadda aka yi Bahaushen Damagaram ya zama limamin Katolika. Nakan ce musu Allah ne ya kira, in rufe zancen. Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba, yau kuma na ga dama in faɗi sauran.

Mahaifina mutumin wajen Dakusa ne. Yana yaro ya shigo gari neman aiki, ya zama kukun limaman misiyon, wato gidan Turawan Katolika, a nan ya karɓi baftisma. Mahaifiyata daga wajen Zermu ya auro ta, ta bi shi addininsa, danginta kuma suka janye ƙafa. Ba wanda ya zage ta, sun dai daina zuwa. Da ya rasu sai ya zama daga ni sai ita a gidan ƙasa mai ɗaki biyu, da 'yar gona a bayan gari. Ta haifi wasu a bayana, ba su zauna ba.

Ni ne ɗan fari, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a wajen iyayenmu na da. Baftisma ta canza wa mahaifiyata wurin ibada, amma ko kaɗan ba ta taɓa kunyarta ta ɗan fari ba. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni. In abinci ya nuna sai ta ajiye kwano a ƙofar ɗakina, ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutanen gidan nan abinci na hucewa." Mutanen gidan nan kuwa ni ne, sai akuya, ita ma daga baya yunwa ta sa muka rabu da ita. In baƙuwa ta yabe ni, sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Cin tuwo kaɗai ya iya." A haka na tashi, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, don duk ɗan farin unguwarmu haka ake yi masa.

Majami'armu ƙarama ce, kuma yawancin masu cika ta 'yan Dahome ne da 'yan Togo, ma'aikatan gidan waya da malaman lakwal, wato makarantar boko, masu waƙa da Faransanci da yarensu. Mu Hausawa ba mu cika benci biyu ba. Limaminmu wani tsohon Bature ne mai farin gemu, monfer muke ce masa kamar yadda kowa yake cewa. Yana jin Hausa, amma irin ta littafi, mai tafiya tana ɗingishi. Saboda haka ya ɗora mini aiki: tun ranar Juma'a zai ba ni karatun Lahadi, in juya shi zuwa Hausa, ranar Lahadi bayan an karanta da Faransanci in tashi in karanta wa benci biyun nan. Ina jin kaina sosai da aikin nan, har tari nake yi kafin in fara, kamar mai shirin yi wa dubu jawabi.

Amma in an tashi daga majami'a, ba ni da wurin zuwa. A wajen 'yan Dahome ni ne "Bahaushen nan," a unguwa kuma ni ne "ɗan misiyon." Abokan da muka yi lakwal tare mutanen kirki ne, ba su taɓa nuna mini wani abu ba. Sai dai muna tsakiyar hira in aka kira salla za su miƙe gaba ɗaya, su bar ni a dakali da takalmansu. Na yi gadin takalma a garin nan har na san na kowa da inda ya tsinke. Ba na jin haushinsu, amma nakan ji wani irin kaɗaici yana zauna mini a ƙirji har su fito.

Ranar Asabar da la'asar nakan hau ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke bayan unguwarmu, in zauna da karatun gobe. Daga can ana hango bukkokin mutanen da fari ya koro, an kafa su da kara da tsumma a bakin hanyar Takieta. A kan dutsen nan na fara lura cewa karatun ba ya barina in na gama juya shi. Sai in kwana da shi, in tashi da shi, ina jan ruwa a rijiya yana yi mini yawo a kai.

Monfer yakan tafi da ni wajen mutanen nan in ɗaukar masa tukunyar madara, in kuma yi masa tafinta in Hausarsa ta ƙare. Wata rana muka iske wani dattijo kwance a gindin bukka, ba kowa nasa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Monfer ya zauna a cikin rairayi da farar rigarsa, ya ɗora kan dattijon a cinyarsa, ya jiƙa masa leɓe da ruwa. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ruga ka nemo malami cikin mutanen nan, ya zo ya laƙƙana masa kalmar shahada. Kada ya tafi ba da maganar addininsa ba." Na ruga na samo wani malami, shi ma yunwa ta rame shi. Suka zauna su biyu a kan dattijon, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana riƙe da kai, har rai ya yi halinsa. Ban ji wata murya daga sama ba, ban ga haske ba. Ina tsaye da tukunyar madara a hannu na ji a raina cewa abin da tsohon nan yake yi, shi nake so in yi har in mutu.

Na daɗe ina juya maganar kafin in faɗa masa. Da na faɗa, bai yi murnar da na zata ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "A makarantar limamai ana cin abinci sau uku a rana. Ka sani?"

Na ce, "Na sani, monfer."

Ya ce, "To ka je ka tambayi kanka, Allah ne yake kira ko ciki."

Na fita raina a ɓace, kuma abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne na riga na taɓa tunanin abincin nan, ba sau ɗaya ba. Wata da watanni ya bar ni ina ta kai da komo. Daga baya ya kira ni ya ce ya yi magana da babban limaminmu na Yamai, an yarda in je can in zauna a gwada ni, in an ga hankalina a tura ni makarantar limamai ta ƙasar Volta, wadda yanzu ake ce wa Burkina. Amma ya kafa sharaɗi ɗaya.

Ya ce, "Kai kaɗai gare ta. In ka tafi ba za ka yi aure ba, ba za ta goya jika ba, kuma inda aka tura ka nan za ka zauna. Ba na ɗaukar ka sai na ji yardarta daga bakinta."

Na ce, "Monfer, ai ba ta magana a kaina. Ni ɗan fari ne."

Ya yi dariya ya ce ya daɗe a ƙasar Hausa, ya san kunya, amma wannan magana ta fi ƙarfin kunya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, sai dai ni ɗan garin ma ban fi shi gani ba a lokacin.

Ban san ta inda zan ɓullo wa mahaifiyata ba. Tun da nake ban taɓa zama gabanta na ce ga abin da ke raina ba. Sai na nufi gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Babarbariya, Musulma, mai haɗa turaren wuta. Tun ina goye take kirana mijinta, ni kuma ina ce mata Kaka. Ita ce kaɗai a unguwar da take shiga ɗakin mahaifiyata ba sallama.

Da ta gan ni ta ce, "Lale da angona. Yau me aka kawo wa amarya? Ko ka zo hannu yana dukan cinya kamar kullum?"

Na ce, "Kaka, aike zan ba ki wajen Inna."

Na zayyana mata komai. Ta ajiye ludayin da take juya turare da shi, ta riƙe haɓa.

"Limamin da ba ya aure? Wane irin limami ne wannan, ni 'yasu? To ni fa, wa ka bar wa? Sakina za ka yi cikin yunwar nan?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma tata ba ta daɗe ba. Ta dube ni ta ce, "To, na ji. Zan kai."

Kashegari na tare ta a ƙofar gida. "Kaka, kin faɗa mata?"

"Na faɗa."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ta ci gaba da tankaɗenta."

Bayan 'yan kwanaki monfer ya zo gidanmu a kan ɗan babur ɗinsa da ake ce wa mobilet, da hantsi. Kun san unguwa, Bature ba ya shiga gida a ɓoye. Kafin ya gama jingine mobilet, Kaka ta shigo, wasu matan maƙwabta suka biyo ta wai sun zo gaisuwa. Mahaifiyata ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ruwan da a shekarar nan sai an yi layin rabin yini ake samunsa. Ta koma gefe ta zauna, ta ja mayafi, ta juya fuska wajen murhu. Ni kuma na tsaya a zaure inda nake jin komai ba a ganina.

Bayan gaisuwa monfer ya gyara zama ya ce, "Uwargida, ɗanki yana so ya zama monfer kamar ni. Zai tafi nesa. Ba zai yi aure ba. Kin yarda?"

Ta ce, "Wane ɗa? Ni ina na ga ɗa?"

Matan suka kwashe da dariya. Ya sake tambaya a hankali, yana jan kowace kalma, ya ce yana so ya ji daga bakinta.

Ta ce, "Ku tafi da shi mana. Ni ma na huta da cinsa."

Aka sake dariya, har da shewa. Monfer ma ya yi dariya, ya sa mata albarka, ya tashi yana murna. A zaure ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji. Ta yarda."

Na ji kam. Kuma da kaina na san irin wannan magana ce kowace uwa take yi a kan ɗan farinta, na ji ta sau ba adadi. Amma a shekarar ƙoshi ne take zama wasa. A wannan shekara ina ganin yadda take kankare gindin tukunya, na kuma san cewa cikin jar dawar taimakon da muke samu, babban rabo a kwanona yake ƙarewa. Sai zuciya ta ce mini, kai, wannan karon da gaske take. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ni kuwa bangona ya daɗe da tsagewa.

Daga ranar na daina cin abincin gida. Ina yini a misiyon, in ci abin da na samu a can, in dawo in tarar da kwano a ƙofar ɗakina, in tsallake shi. Da safe za ta zo ta ɗauke. Da yamma ta sake ajiye wani. Ni a ganina sauƙi nake yi mata, kuma a ƙasan raina ina so ta ji ciwo. Mutum biyu a gida ɗaya, katanga ɗaya tsakaninmu, ina jin tarinta tana jin nawa. Ban taɓa yin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko a ƙasar da ban san kowa ba.

Lokacin damina ya zo, sama ba ta ce komai ba. Hadari zai haɗu a gabas da la'asar, mutane su fito suna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Musulmi sun fita roƙon ruwa, mu ma muna yi a majami'a. Manoma da yawa sun yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna fatan ruwa ya iske shi, ya lalace a banza. Mahaifiyata ta ƙi. Tana da ɗan damin zangarniyar hatsi rataye a jikin azarar ɗakinta, irin da mahaifina ya zo da shi daga ƙauyensu, kowace shekara daga cikinsa ake zaɓen na baɗi. Duk yunwar da aka yi ba ta taɓa shi ba. Na ji ta tana gaya wa Kaka cewa ba za ta sauke shi ba sai an yi ruwan shuka na gaske.

Ana cikin haka monfer ya ce kamiyon, wato babbar motar da ta kawo dawar taimako, zai koma Yamai ba kaya a cikin mako mai zuwa, in shirya in bi shi. Ya miƙo mini karatun Lahadin ƙarshe da zan yi. Na hau dutsena na buɗe. Karatun farko labarin wani saurayi ne da annabi ya iske yana huɗa a gona, ya kira shi, saurayin ya roƙa a bar shi ya je ya yi sallama da uwa da uba tukuna. Na Linjila kuma ya fi tsanani: wani ya ce zai bi Yesu amma a bari ya yi ban kwana da mutanen gidansu, aka amsa masa cewa wanda ya kama garma yana waiwaye bai dace da aikin ba.

Ranar Lahadi na tashi na karanta. Mahaifiyata tana wurinta na kullum, ƙarshen benci na biyu, kanta a ƙasa, hannuwanta a cikin mayafi. Da na zo wajen waiwayen nan na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, har wata 'yar Togo da ke gyangyaɗi ta farka. Ina karantawa ina satar kallon mahaifiyata, ko za ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Na zauna ina ce wa kaina Allah ya ba ni amsa, ba waiwaye. Yanzu da na tsufa na san mai fushi ko wace aya ya buɗe, goyon bayansa zai ga tana yi.

Ranar tafiya na fito da 'yar jakata da sassafe, na tarar da ƙunshi a ƙofar ɗakina, an ɗaure da tsohon zanenta. Tana tsakar gida tana shara, ta ba ni baya.

Na ce, "Inna, zan tafi."

Ta ce, "To." Tsintsiya ba ta tsaya ba. Har na kai zaure na ji ta ce, "A gaya wa matafiya Allah ya kiyaye hanya."

Na ce amin, na fita. Na san ba za ta raka ni ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Kaka ce ta biyo ni da sandarta har inda kamiyon yake tsaye, tana ta tsokanata wai in na ga matan Yamai zan tuba in dawo. Da na hau baya na zauna a kan buhunan da ba komai, sai ta matso ta kama ƙarfen motar, ta daina dariya.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ka san abin da ke cikin ƙunshin nan?"

Na ce, "Guzuri ne, Kaka."

"Gumba ce. Irin ubanka ne ta sauke. A turmina ta daka shi, don kada ka ji. Ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba."

Wanda bai yi noma ba ba zai gane ba. Mutum yakan sayar da akuya, ya sayar da kwanonin aurensa, ya ci ganye, amma ba ya cin iri, don iri shi ne baɗi. Direba ya riga ya tayar da mota. Na sunkuyo na ce, "Kaka, ta ce in zauna ne?"

Ta ce, "Ba ta ce ba."

"To ta ce in tafi?"

"Shi ma ba ta ce mini ba. Ta dai daka irinta."

Da Inna ta aiko mini da kalma ɗaya, da na diro. Na dubi hanyar gida, ba kowa sai wata mata da tulu. Motar ta ja, Kaka ta saki ƙarfe, ni kuma ina zaune rungume da ƙunshi kamar wanda aka ba ajiyar jariri.

A Takieta aka tsaya zuba ruwa a mota, na kwance zanen. Ga gumba an mulmula, an shanya ta bushe, tana ƙamshin citta da kanumfari, ban san inda ta samo su ba a shekarar nan. Na ce wallahi ba zan iya ci ba, na ɗaure. Ina so in ce muku na riƙe alkawarin nan, amma kafin rana ta faɗi yunwa ta yi mini dukan kawo wuƙa. Na ci ina kuka, yaron mota yana kallona yana zaton ciwon haƙori nake yi. Kafin mu shiga Yamai na cinye ta tas.

Ban daɗe da tafiya ba ruwa ya sauka a Damagaram, aka yi damina mai kyau. Gonarmu kuwa rabinta ma ba a shuka ba, sai ɗan abin da maƙwabta suka tsakuro mata. Ni a can na lallashi kaina da cewa gumbar nan ita ce albarkarta, ta faɗa da turmi abin da ba ta iya faɗa da baki. Da wannan na yi karatu, da shi na jure sanyin gwiwar da ke kama kowane ɗalibi. Na zo hutu ba sau ɗaya ba, kwano yana nan a ƙofa, bango yana karɓar saƙona kamar da. Ban tayar da zancen ba, don a ganina ya wuce.

Ta rasu kafin a naɗa ni. Labari bai iske ni ba sai bayan an binne ta. Kaka ce ta yi mata wanka tare da matan 'yan Dahome, ta ce addini daban, amma maƙwabtaka ba ta da daban. Da na zo, na zauna da ita a inuwar zaurenta da rana, ta tsufa ƙwarai, ta daina haɗa turare. Muka yi ta zancen marigayiya. Na ce ko ba komai na gode wa Allah da ta sallame ni da hannu biyu, tunda har irinta ta daka mini.

Kaka ta ci gaba da murza carbi. Can ta ce, "Angona, akwai maganar da na riƙe, na ga kuma ni ma na kusa bin ta, gara in sauke. Ranar da motarka ta tashi, na komo na iske ta a ɗakinka, zaune bisa tabarmarka. Na ce, ɗiyar nan, in ba ki so, me ya sa kika ce wa Bature ya tafi da shi? Ta ce, Iya, a gaban mata me zan ce? In buɗe baki in ce ina son ɗan fari, a yi ta yi da ni a bakin rijiya? Ta ce, kullum ina jira ya shigo ɗakina, daga ni sai shi, ya ce, Inna, in tafi? Ya turo mini ke. Ya turo mini Bature. Shi bai zo ba."

Da ƙyar na ce, "Kaka, da na je, me za ta ce?"

Ta ce, "Wallahi ban tambaye ta ba. Ita ma ba ta faɗa ba."

Sai a ranar na gane abin da duk yaron unguwarmu ya kamata ya sani, cewa kunyar ɗan fari ta idon mutane ce. Ni da hannuna na tara mata mutane, na tsaya a zaure ina jiran ta faɗi gaskiyar ranta a gabansu. Monfer baƙo ne, yana da uzuri. Ni a gidan aka haife ni.

Ban yi nadamar zama limami ba, kada wani ya ɗauka haka. Na zauna a kan masu jinya da yawa, na kira malamai ga waɗanda suke nasu, na yi aikin da na gani na so tun ranar tukunyar madara. Na yarda Allah ne ya kira ni, ko da yake ta hanyar yunwa da fushi da rashin wayo ya bi da ni. Amma in saurayi ya zo yau ya ce mini yana jin kira, ba na fara tambayarsa addu'a ko karatu. Nakan ce ya koma gida, ya jira gidan ya zama ba kowa, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa shi kaɗai ya tambaye ta, kada ya aika kowa, kada ya tafi da ni. Wasu sukan dawo su ce ta yarda, wasu su ce ta yi kuka ta ce a'a. Dukansu ina yi musu sha'awa, don sun ji amsa. Ni na tsufa a cikin farar rigar nan, kuma har yau ban sani ba ko da izinin mahaifiyata na sa ta.